Yadda ma'aurata za su zaɓi kayan jin daɗi marar ɗamara

Irin wannan kaya na jima'i ne, mai siffar gaban namiji, amma ba shi da igiyar ɗaurawa a ƙugu. Kai biyu gare shi: gajere mai kama da ƙwai, wanda mace ke sawa a gabanta ta riƙe da tsokar ƙasan mara, sai dogon da ke waje, wanda ake saduwa da abokin zama da shi. Don haka nauyi za a fara dubawa. Mai nauyi zamewa yake yi da zarar tsokar ta gaji. Ga mai farawa ƙarami marar nauyi ya fi, kuma ɗan kamfai mai kama jiki yana taimakawa wajen tsayar da shi.

A nemi na silikon zalla, wato wani nau'in roba marar ramuka. Na roba mai laushi kamar jeli yana da ƙananan ramuka inda ƙwayoyin cuta ke ɓuya, wanki ba ya fitar da su. Man santsi ya zama wanda aka haɗa da ruwa, domin man silikon yana ɓata fatar kayan har ta yi danƙo. A ɓangaren riƙewa ɗigo kaɗan ya isa, in ya yi yawa sai sulɓi.

A wanke da ruwan ɗumi da sabulu marar turare kafin amfani da bayansa, a bari ya bushe sarai. In za a sauya wuri a jiki ko a sauya mutum, a sa wa kayan sabon kwaroron roba. Zafi ko raɗaɗi alama ce ta a dakata.