In yaro ya yanke jiki ya faɗi a filin ƙwallo, ga yadda zaka gane ko zuciya ce da abin da zaka yi

Duk mai zuwa tirenin da safe a Filin Mahaha ko filin sukuwa a Kano, ko filayen firamare da yaran unguwa ke buga ƙwallo bayan la'asar, ya san yadda ake yi in wani ya faɗi, a taru a kansa, wannan ya kwara masa ruwa, wancan ya ce a kawo albasa, wani kuma yana neman ɗura masa lemo, in ya farfaɗo sai a ce ai yunwa ce ko rana ce ta buge shi, ya ɗan huta ya koma fili. Sau da yawa kuwa hakan ne. Amma akwai faɗuwar da ba yunwa bace, zuciya ce, kuma ita ce take ɗauke samari majiya ƙarfi da ba wanda ya taɓa jin sun ce wani waje na musu ciwo. Kociyoyin unguwa da iyaye, ku nake so ku riƙe wannan.

Tambaya ɗaya zaka fara yi wa waɗanda suka gani: yana tsaka da gudu ya faɗi, ko sai da ya tsaya?

In bayan ya tsaya ne, misali an gama zagaye ya ja burki ya tsaya cak yana haki sannan ya sulale, yawanci da sauƙi. Lokacin gudu jijiyoyin jini a buɗe suke kuma naman ƙafa ne ke taya zuciya turo jini sama, da ka tsaya lokaci ɗaya sai jinin ya taru a ƙafafu, ƙwaƙwalwa ta rasa abin da zai isheta na 'yan daƙiƙu. Irin wannan suman yana sallama kafin ya zo, jiri, gumi mai sanyi, tashin zuciya, ido ya yi duhu, kunne ya toshe. Shi ne dai wanda ke kama mutum a dogon layi cikin zafin watan Afrilu ko in ya ga jini. Kwantar da shi rigingine a inuwa, ɗaga ƙafafunsa sama da ƙirjinsa, sassauta masa kaya, a matsa a bashi iska. Cikin minti ɗaya ko biyu zai dawo hayyacinsa. Dan Allah kar a zuba masa komai a baki sai ya farka sosai yana magana, don wanda bai cikin hayyacinsa ruwan huhunsa zai tafi. Kar kuma a yi saurin miƙar da shi tsaye, zai iya sake zubewa.

Wanda kuwa yana cikin gudu, ba jiri ba komai, ba wanda ya taɓa shi, kawai ya kife ko hannu bai tare ba, wannan ka ɗauka zuciya ce har sai likita ya ce ba ita bace. Zuciya tana da nata wayarin ɗin na lantarki kamar na gida, shi ke tsara bugunta, in ya rikice sai ta kama rawa da sauri a maimakon bugu, jini ya daina fita. Wani lokacin takan gyara kanta cikin daƙiƙu yaro ya tashi garau yana dariya, to wallahi wannan tashin shi ke ruɗar mutane, gargaɗi ne aka samu kyauta kuma ba lallai a sake samun na biyu ba. Manya sun tuna Samuel Okwaraji da ya faɗi a Legas ranar 12 ga Agusta 1989 ana wasa da Angola, binciken gawarsa ya nuna zuciyarsa ta yi girma. Marc-Vivien Foe na Kamaru ma haka ya faɗi a tsakiyar fili a Faransa a 2003, shi kaurin naman zuciya ne, ciwon da ake gado kuma kusan mutum 1 cikin 500 na ɗauke da shi, da yawa basu sani ba.

To in ya faɗi bai tashi ba fa? Nan ne babu lokacin shawara. Bubbuga kafaɗarsa ka kira sunansa da ƙarfi, ka kalli ƙirjinsa, kar ka wuce daƙiƙa 10 kana dubawa. In baya amsawa kuma baya numfashi yadda aka saba, fara danna ƙirji nan take. Ka kula sosai da wannan don anan ake yin asara: wanda zuciyarsa ta tsaya yakan yi wani jan numfashi jefi-jefi kamar minshari ko kakari, yakan kuma yi fizge-fizge, sai mutane su ce ai yana numfashi, ko su ce farfaɗiya ce ko iska ce, a tafi neman cokali a sa masa a baki ana jira ta sake shi. Wannan kakarin ba numfashi bane. Kowane minti ɗaya da ya wuce ba a yi komai ba damar rayuwarsa na raguwa da kusan kashi 7 zuwa 10 cikin 100. Mai addu'a ya yi addu'arsa muna buƙata, amma hannu na kan ƙirji.

Ga yadda ake yi. Ya kwanta rigingine a ƙasa mai tauri, ka durƙusa gefensa, ka ɗora gindin tafin hannunka a tsakiyar ƙirji kan ƙashin nan, ɗaya hannun a kai, gwiwar hannu a miƙe, ka danna da nauyin jikinka ƙirjin ya shiga kamar santimita 5 zuwa 6, ka bari ya dawo, ka sake, sau 100 zuwa 120 a minti, wato kusan biyu a daƙiƙa. Akwai gajiya, don haka ku dinga karɓar juna duk minti biyu ba tare da an tsaya ba. In baka iya hura iska a baki ba kyale ta, dannawar kaɗai ma tana aiki. Haƙarƙari zai iya tsagewa, ci gaba, ƙashi yana warkewa. Kana farawa ka nuna mutum ɗaya da yatsa ka ce kai kira lambar gaggawa 112, ka nuna wani ka ce kai nemo mota, don in ka ce "a kira mota" kowa zai tsaya kallon kowa. Motar da za a iya shimfiɗe shi a ci gaba da dannawa har asibiti ta fi adaidaita sahu. In mace ce ta faɗi kuma akwai mace a wajen ta yi, in babu kar kunya ta sa a tsaya kallo, rai ne.

Dannawar tana riƙe ƙwaƙwalwa ne da jini kafin a samu na'urar da ke ba zuciya shokin ta dawo kan bugunta, wadda ake ce wa AED. Ita ce ta ceci Christian Eriksen a 2021 da ya faɗi a wasan Denmak da Finlan, an danna ƙirji an bashi shokin a filin, aka sa masa ƙaramar na'ura a jiki, a 2022 ya dawo ƙwallo. Na'urar magana take yi tana gaya maka abin yi, ba sai likita ba. Ni a ganina duk mai gidan motsa jiki ko akadami da ke karɓar kuɗin mutane a garin nan ya kamata a ce yana da ita.

In ya farfaɗo, asibiti, a ranar. Ba kemis ba, ba ƙarin ruwa a gida ba. Asibitin Malam Aminu Kano na da likitocin zuciya, ko ku fara da Asibitin Murtala a tura ku. Ku tafi da wanda ya ga faɗuwar, in akwai bidiyo a waya ma ya fi. Ku faɗa wa likita ko yana jin ciwon ƙirji ko bugun zuciya fat-fat ko haki fiye da sa'anninsa, da duk maganin da yake sha har na gargajiya da lemon ƙara kuzari da su tiramol in akwai, ɓoyewa ba ta da amfani anan. Sannan a tambayi tsofaffin gida, akwai wanda ya taɓa mutuwar fuju'a yana ƙasa da shekara 40 a dangi? Wanda ya kwanta bai tashi ba, ko ya nutse a ruwa alhali ya iya iyo? Wasu ciwukan bugun zuciya gado ne, in an samu a mutum ɗaya sai a duba 'yan uwansa na jini. Za a yi gwajin ECG mai auna lantarkin zuciya, ƙila da hoton zuciya na eko, ƙila a maƙala masa na'urar da ke naɗar bugu na awa 24, don ECG ɗaya ya fito lafiya ba ya nufin an gama. Kafin sakamako ba ƙwallo, ba ɗaga ƙarfe, ko da gasar unguwa ce ta zo ƙarshe.

Na san yara na ɓoyewa don tsoron kar a hana su wasa. A gaya musu Nwankwo Kanu a gwajin lafiya aka gano matsalar zuciyarsa a 1996, aka masa aiki a Amurka, ya dawo ya buga wa Arsenal. A Italiya da suka wajabta gwajin 'yan wasa tun 1982, binciken yankin Beneto ya nuna mutuwar fuju'a tsakaninsu ta ragu da kashi 89 cikin 100. Wani bincike kuma da ya fito a 2023 kan mutum 1,660 masu kaurin naman zuciya ko masu ɗauke da gadonsa bai ga ƙarin haɗari ga masu motsa jiki mai ƙarfi ba in aka kwatanta da sauran, amma fa mutanen da aka san ciwonsu ne kuma likita na bibiyarsu.

Mai suman da likita ya tabbatar ba na zuciya bane, shi dabara zai koya. Da ka ji jirin ya taso ka harɗe ƙafafu ka matse cinyoyi da ciki, ko ka dunƙule hannu da ƙarfi, in bai wuce ba ka kwanta kafin ya kwantar da kai. An gwada wannan a wani bincike na 2006 da likitocin Holan suka jagoranta, masu sake suma suka ragu daga kusan rabi zuwa kusan kashi ɗaya cikin uku. In ka gama gudu kar ka tsaya cak, taka a hankali na minti biyar. Sha ruwa kafin ka fito, ka guji tsakar rana daga Maris zuwa Mayu da zafi ke haura 40, da azumi kuma ka bari sai bayan shan ruwa. In kana zazzaɓi ko mura mai ciwon jiki zauna a gida sai ka warke sarai, don ƙwayar cutar kan taɓa naman zuciya, gudu a kai na iya rikita bugun.