Kurakuran da ɗalibai ke maimaitawa wajen nazari da tsara manhaja

Duk shekara idan lokacin sutanas, wato kare aikin ƙarshen karatu a gaban malamai, ya ƙarato, ƙannenmu na ajin ƙarshe na lisans sukan fara sallama bayan la'asar, kwamfuta a hammata: "Yaya, don Allah duba mini MCD ɗina, malam ya ce akwai gyara." MCD shi ne zanen da ke nuna bayanan da manhaja za ta ajiye da alaƙar da ke tsakaninsu. Ina buɗewa sai in tarar da kurakuran bara, waɗanda su ma gadonsu aka yi. Na gaji da maimaita baki, shi ya sa na tattara su wuri ɗaya. Magungunan da zan faɗa nawa ne, ba lalle malaminka ya yarda da su duka ba. Inda muka saɓa ka bi nasa, don maki a hannunsa yake.

Mafi girma shi ne yin hira da mai gida kaɗai. Tsarin Merise da ake koya mana don nazari da tsara manhaja, wanda aka ƙirƙiro a Faransa a ƙarshen shekarun 1970, yana farawa ne da nazarin yadda ake gudanar da aiki a yanzu, kafin a zana ko da akwati ɗaya. Ɗalibai sun mayar da wannan mataki babin cika shafi: tarihin ma'aikata, jerin shugabanni, hoton ƙofar shiga, shi ke nan a buɗe kwamfuta. Ni ma haka na yi, kuma na sha wuyarsa.

Istaj ɗina a wani babban shagon hatsi da kayan masarufi na yi shi, nan Damagaram kusa da Kasuwar Dole. Alhaji mai shagon ya karɓe ni hannu bibbiyu, aka kawo shayi, ya yi mini bayani tsaf: mai saye ya zo, ya zaɓi kaya, ya biya, a rubuta masa takarda. Na koma gida na zana cewa kowane ciniki yana da biya ɗaya tak, na sa 1,1, wato ɗaya ba ƙari ba ragi, ina jin daɗi, na gina rumbun bayanai a MySQL, na rubuta shafuka da PHP. Ranar gwaji yaron shago, wanda shi ke riƙe da littafin ciniki, ya danna nan ya danna can, sai ya ɗago kai ya ce, "Malam, to bashin Hajiya ina zan sa shi?" Ashe manyan masu sayen Alhaji, mata masu tuwo da fura da ƴan tireda da ke zuwa daga wajen Mirya, kusan dukansu ɗauka suke yi su riƙa biya kaɗan-kaɗan. Wata ma takan kawo kuɗi dunƙule ta ce a cire ragowar na makon jiya, abin da ya saura a zuba kan na yau. Ke nan ciniki ɗaya na iya samun biya da yawa, biya ɗaya kuma na iya taɓa ciniki da yawa. Alhaji bai yi mini ƙarya ba. Bashi a wurinsa abu ne na kullum har bai ga dalilin ambatonsa ba, ni kuma ban tambaya ba. Gyaran wannan a kan takarda aikin minti kaɗan ne. Da yake na riga na gina komai a kansa, sai da na rushe jadawalin ciniki da duk shafin da ke jingine da shi, abokan karatuna na gyaran rubutun memwar, wato kundin ƙarshen karatu, ni ina kwana kan lambobin manhaja.

A wannan shagon dai na ga yaron ya rubuta 100 a gurbin farashi, alhali kayan na faran 500 ne. Da dala yake lissafi kamar kowa a kasuwa, dala ɗaya faran 5, dala ɗari faran 500. Haka gero: da buhu yake shigowa, da tiya yake fita. In ƙamus ɗin bayananka bai fayyace ma'aunin kowane gurbi ba, manhajarka za ta riƙa tara lambobin da ba jinsinsu ɗaya ba, ta fitar da jimla ba tare da ta yi gardama ba.

Abin da nake yi tun daga lokacin: ranar farko ba na tambayar komai. In sami benci in zauna, in kalli wanda ke yin aikin da hannunsa, musamman ranar kasuwa da hada-hada ta yi yawa. In nemi izini in ɗauki hoton kowane littafi da kowace takarda, har guntun kwalin da aka yi lissafi a bayansa, don abin da aka rubuta a gefen shafi da jan biro yakan fi na tsakiya amfani. Sannan duk ƙa'idar da aka faɗa mini sai in bi ta da tambaya ɗaya: "Yaushe ne ba a yin haka?" Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma sai an tambaye shi. In na gama zane, in koma in karanta wa mutanen ƙa'idojin da Hausa, jimla-jimla: "Mai saye ɗaya zai iya cin bashi sau da yawa kafin ya biya na farko, haka ne?" Alhaji ba zai karanta MCD ba, amma wannan jimla zai ce maka e ko a'a nan take.

Kuma don Allah ku daina ce mini "ai yanzu Agile ake yi, ba a ɓata lokaci kan nazari." Kun karanta sanarwar da ta kafa wannan salon gina manhaja kuwa? Sanarwar da mutum 17 suka rattaba wa hannu a jihar Utah ta Amurka a 2001 cewa ta yi aiki kafaɗa da kafaɗa da mai buƙata ya fi jayayya kan yarjejeniya muhimmanci. Wato ka riƙa komawa wurin mutumin a kai a kai, kana nuna masa abin da ka yi. Wanda ya ga mai shago sau ɗaya ya ɓace har ranar sutanas ba Agile yake yi ba, ƙyuya ce ya sama mata suna.

Na biyu da ya ƙona ni shi ne ajiye farashi a jikin kaya kaɗai. Kusan duk MCD da aka kawo mini haka yake: antite ta kaya, wato akwatin da ke wakiltar kaya a zanen, a cikinta suna, yawa, farashi. Ka yi tunani. An sayar da gero lokacin kaka yana da sauƙi, damina ta kama ya yi tsada, mai shago ya canza farashi a manhaja. Daga wannan lokacin duk tsohuwar takardar ciniki da aka sake buɗewa da sabon farashi za ta lissafa, bashin Hajiya ya ƙaru ba ta ƙara ɗaukar ko tiya ɗaya ba. A garin nan wannan ya wuce kuskuren kwamfuta, magana ce ta cin amana, kuma yaron shago za a fara zargi, ba kai ba. Farashin da aka sayar da kaya, tare da yawan da aka saya, a kan alaƙar da ke tsakanin ciniki da kaya yake zama, wato kan layin ciniki, ya daskare a nan. Wanda ke jikin kaya farashin yau ne kawai. Ga ragi ma, don wane ne ke saye bai nemi ragi ba? Ni duk gurbin da na rubuta nakan tambayi kaina: in wannan ya canza gobe, na jiya yana da amfani? In amsar e ce, to yana buƙatar kwanan wata ko wurin zama na dabam.

Kada ka mai da suna makulli, wato gurbin da ke bambanta kowane mutum da saura a rumbu. Shiga kowane aji a Birni ko Zango ka kira Mahamadu Musa ka ga hannu nawa za su tashi, ga kuma rubutun sunan da ke bambanta daga takarda zuwa takarda. Lambar waya ma ba ta yi ba, mutum ɗaya layi biyu ko uku, gobe ya yar da ɗaya. Ka ba kowa lambar da manhaja ke ƙirƙira da kanta. Haka nan kada ka tilasta cikakken kwanan haihuwa, dattawa da yawa shekara kawai aka ƙiyasta musu a takardunsu. In ka tilasta, mai shigar da bayanai zai cika maka rumbu da 1 ga Janairu.

Kardinalite kuma, wato lambobin nan irin 1,1 da ke nuna sau nawa antite ke shiga alaƙa, a nan ne ake zubar da maki a banza. Merise tana rubuta lambobin a gefen antite ɗin da ake magana a kanta, UML kuwa, wata hanyar zana manhaja wadda ƙungiyar OMG mai tsara ƙa'idojin manhaja ta amince da ita a 1997, a ɗaya ƙarshen layin take rubuta su. Ɗalibi zai kwafe MCD ɗinsa ya mai da shi zanen azuzuwa na UML bai juya su ba, sai zanen ya ce kowane uba ɗa ɗaya gare shi, kowane ɗa kuma ubanni barkatai. Ka karanta kowane layi da babbar murya, daga hagu zuwa dama, sannan daga dama zuwa hagu. Wajen sauka zuwa MLD, inda ake mai da zanen jadawalai, ƙa'idar ba ta da wuya: gefen da ke da 1,1 shi ke karɓar makullin ɗayan, in kuwa ɓangarorin biyu duk n ne, wato da yawa, alaƙar ta zama jadawali mai zaman kansa.

Sauran ƙanana ne. Kada ka ajiye abin da za a iya lissafawa, kamar shekarun mutum alhali kana da ranar haihuwarsa. Kada ka cusa lambobin waya uku a gurbi ɗaya da waƙafi a tsakani, ƙa'idar daidaitawa ta farko da Codd, masanin rumbun bayanai, ya shimfiɗa tun 1970 ke nan ka karya. A zanen amfani na UML, mai nuna masu amfani da manhaja daga waje, rumbun bayananka ba ɗan wasa ba ne, yana cikin tsarin, ka cire wannan ɗan mutum-mutumin da ka zana masa. UML tana da nau'in zane 14, ba wanda ya ce ka yi su duka. Uku ko huɗu da suka yarda da juna sun fi goma da ke ƙaryata juna. Wanda kuma ya sauko da memwar ɗin wani daga intanet, aƙalla ya lura farashin da yuro aka rubuta shi.

Akwai masu gama manhaja tukuna, sannan su zana MCD daga baya don a cika babi na biyu. Malamai na ganewa, domin sunayen gurabe na zane da na rumbu ba sa haɗuwa, kuma tambaya ɗaya ta isa ta tona asiri.

A takardar buƙatu ka rubuta abin da zai faru in kuran ya ɗauke a tsakiyar ciniki, ko intanet ta yanke, ko ƙura da zafin Afrilu suka kashe kwamfutar shago. Manhajar da ba ta motsi sai da intanet ba ta kowane shago ba ce a nan. Aikinka na makaranta ma ka riƙa ajiye shi wuri biyu, kile USB ɗaya da kuma imel ɗinka. Kafin ranar sutanas ka ɗauki shafi ɗaya na ainihin littafin shagon, ka canza sunayen mutane, ka shigar da shi layi-layi a manhajarka. Duk layin da ya ƙi shiga ka koma kan MCD ka nemo dalili.