Yadda ake lallashin tsaron sata na a-kori-kura idan ya hana ta tashi

Ka shiga mota, ka murɗa makulli, injin ya yi ta juyi bai kama ba. Ko ya kama, ya yi daƙiƙa biyu ya mutu. Kafin ka ce famfon mai ne ko sitata, dubi allon da ke gaban sitiyari. Idan akwai ƙaramar fitila mai siffar mota da kwaɗo, ko wadda aka rubuta SECURITY ko THEFT, tana ƙiftawa da sauri ko ta tsaya a kunne, to mai yiwuwa motar lafiyarta ƙalau. Makullinka ne ba ta gane ba, ta ɗauke ka ɓarawo.

A yawancin motocin da aka ƙera daga ƙarshen shekarun 1990 zuwa yau, akwai ɗan guntun na'ura a cikin baƙin kan makullin, sannan akwai zoben waya a bakin ramin da ake soka shi. Da ka murɗa, zoben zai karanta lambar makullin ya aika wa ƙwaƙwalwar mota. In lambar ba ta iso ba ko ba ta dace ba, sai ƙwaƙwalwar ta hana mai zuwa injin, a wasu motocin ma ta hana sitata motsi.

Fara da batir, don yana yawan jawo wannan rikici. Cikakken batir yana nuna volt 12.6 idan mota a kashe take. Ya sauka ƙasa da 12, ya yi sanyi, kuma na'urorin tsaro ba sa jure ƙarancin wuta. Taɓa kawunan batirin ka ji ko suna rawa, ka kankare farin garin da ke taruwa a kansu, ka ɗaure da kyau.

Sai makullin kansa. Zare shi daga cikin tarin da kake yawo da su, don wani makullin mai na'ura ko wani ƙarfe da ke rataye kusa yana iya dagula karatun. Gwada shi shi kaɗai, sannan ka gwada na ajiya. Idan na ajiya ya tada motar, ka gano mai laifi: na'urar na farkon ta lalace, watakila ya sha faɗuwa ko ruwa. Mai motar da ake tayarwa da maɓalli kuwa ya taka birki, ya manna rimot ɗin a jikin maɓallin ya danna. A Toyota Hilux da Tacoma haka ake yi idan batirin rimot ya mutu. Wasu kamfanonin sun ware wani gurbi na daban da ake ajiye rimot ɗin, littafin motar zai nuna maka. Batirin galibi CR2032 ne, mai volt 3.

Idan ƙararrawar tsaron motar ce ta tashi tana ihu, fita ka rufe duk ƙofofi, ka kulle ƙofar direba da makullin a hannu, ka buɗe. Sau da yawa wannan kaɗai yana kwantar da ita.

Akwai dabarar minti 30 da ta shahara, kuma a nan ne mutane suke ɓata lokacinsu, don ba kowace mota take yi wa aiki ba. Ta General Motors ce, wato irin su Chevrolet Silverado da GMC Sierra masu tsarin Passlock, na wajen 1999 zuwa 2006. A wannan tsarin babu komai a cikin makullin, na'urar tana jikin gidan makullin ne, kuma idan ta tsufa takan aika saƙon da bai dace ba. Ga yadda ake yi:

Ka ja birkin hannu, ka kashe fitilu, rediyo da fanka. In kana da caja ka haɗa wa batirin, don rabin awa da makulli a kunne yana shan wuta, kuma in batir ya mutu a tsakiya, aikin ya koma farko. Murɗa makullin kamar za ka tada motar, ka sake shi ya dawo ON, ka bar shi a nan. Fitilar tsaro za ta ci gaba da haske na kusan minti 10. Kada ka taɓa komai. Da ta mutu, ka mayar da makullin OFF, ka ƙirga daƙiƙa 5. Maimaita haka har sau uku. Bayan na ukun ka kashe, ka ɗan jira, ka tada motar.

Wahalar duk a zaman jiran take. Na taɓa zama ina kallon wannan 'yar fitilar, a zagaye na biyu na ga kamar ta daɗe, na kashe a minti na takwas, sai da na sake daga farko. Ka saita agogon wayarka, amma fitilar za ka bi, ba agogon ba. Idan kuma motar ta tashi yau, bayan mako biyu ta sake yi maka haka, gidan makullin ne ke neman canji.

Ford daban take. Tsarinta, PATS, yana karanta na'urar cikin makulli, kuma a irin F-150 da Ranger zaman minti 30 ba ya koya mata sabon makulli. In kana da makullai biyu masu aiki, a yawancin ƙirar za ka iya shigar da na uku da kanka: ka kunna da na farko na 'yan daƙiƙu ka kashe, nan take ka yi haka da na biyu, sannan ka soka sabon ka kunna. In ɗaya gare ka, ko babu, sai an jona na'urar binciken mota. Haka motar Ram mai tsarin tsaro na Sentry Key, wadda alamarta ita ce injin ya tashi ya mutu bayan daƙiƙa biyu. Shi ya sa nake roƙon duk mai makulli ɗaya ya yanka na biyu tun motar tana tashi.

Cire kan batir na minti goma yakan warware ƙananan rikice-rikicen ƙwaƙwalwa, amma ba ya goge lambobin makulli, kada ka sa rai. Duba fiyus ɗin da littafin motar ya danganta da tsaro. In an taɓa ƙara wa motar wata ƙararrawa ko na'urar tayarwa daga nesa bayan ta baro kamfani, leƙa ƙarƙashin sitiyari, don wayoyin da aka murɗa aka naɗe da salatif suna kwancewa da girgizar hanya.

Abin da ba na so ka yarda da shi shi ne wani ya ce a yanke waya a tsallake tsaron gaba ɗaya. Motar za ta zama kowa na iya tuƙa ta, kuma ƙwaƙwalwar da aka taɓa da ganganci ta fi makulli tsada nesa ba kusa ba. Idan duk wannan bai yi ba, kira mai gyaran wutar mota ko mai yanka makulli da ke da na'urar, ka tanadi takardun motar da katin shaidarka, don mai gaskiya ba zai shigar da makulli ba sai ya tabbatar taka ce. Ka kawo masa duk makullan da kake da su, domin a wasu motocin wanda ba ya wurin lokacin shigarwar zai daina aiki.