Yadda za ka fara cin abinci da gina shafukan intanet

Ba zan tsaya kan HTML da CSS da JavaScript, harsunan kwamfuta da ake gina shafi da su, ba. Darussansu kyauta ne a shafin freeCodeCamp, ga kuma shirin koyar da fasahar zamani na 3MTT da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a 2023. Yawancin yaran da na gani sun iya aikin, amma da an ce musu "nawa ne?" sai baki ya mutu.

Da farko ka gina shafuka uku na gaske ka ɗora a GitHub, dandalin da masu wannan sana'a ke ajiye aikinsu a gani: na Islamiyyar unguwarku, na mai atamfa a Kantin Kwari, na wani shagon magani. Wanda ka kwafa daga darasin YouTube ba ya cikin lissafi.

Sai ciniki, kuma nan ake zubewa. Kada ka taɓa yanke kuɗi a tsaye a bakin shago. Ka ce, "Alhaji, bari in rubuto maka." A takardar ka faɗi yawan shafuka, wanda zai kawo hotuna da rubutu, da yawan gyara. Ni sau biyu nake yarda, na uku sabon ciniki ne. Kuɗin sunan shafi da na masaukinsa, wato hayar wurin da zai zauna a intanet, ka ware su daban, ka yi rajista da sunan mai shi, ka gaya masa duk shekara ake sabuntawa. In ka haɗa su cikin ladanka, baɗi shafin zai mutu, a ce ka ci amana. Karɓi rabi kafin alƙalami, ko da ɗan'uwanka ne, kai musamman ma ɗan'uwa. Kalmar sirri tana hannunka sai ya cika.

In ƙaramin kasuwanci ne, WordPress, manhajar haɗa shafi cikin sauƙi, ya isa, kada ka wahalar da kanka. Mai shafin ya nemi masu saye su riƙa biya a kan shafin ta Paystack? Ƙarin kuɗi ne. Ka kuma nemi ya riƙa ba ka wani abu duk wata don kula da shafin, shi ke riƙe mutum lokacin da aiki ya ɗauke.

Bayan haka ka leƙa Upwork da Fiverr, shafukan da ake samun aikin 'yan ƙasashen waje. Tun faɗuwar naira a 2023 aikin dala ya ƙara daraja, sai dai Fiverr na cire kashi 20 cikin ɗari. Buɗe asusun Payoneer na karɓar dala tun kafin aiki ya zo. Mai son albashin kamfani ya koyi React (kayan aikin JavaScript) da Git (na adana sauye-sauyen aiki), ya gyara Turancinsa. Yawancin guraben suna Legas da Abuja, amma ana yin wasu daga gida, don haka kuɗin farko da ya shigo a sayi sola.