Yadda ake rubuta sharhin littafin bincike, leƙen asiri ko tarihi

Kafin ka buɗe littafin, tanadi fensir da 'yar takarda ka soke a bangon baya. Duk inda wani abu ya tsaya maka a rai, rubuta lambar shafin kawai. Sharhin da aka rubuta da ka, bayan an yi makonni da gama karatu, ba ya wuce "ya yi daɗi" ko "bai burge ni ba", kuma wannan ba ya taimaka wa mai son saye.

Labarin bincike mai sauƙi shi ya fi buƙatar wannan takarda. Irinsa ne marubuciyar Ingila Agatha Christie ta yi fice a kai da jarumar labaranta, tsohuwar nan Miss Marple, wadda littafin farko a kanta ya fito a 1930: an yi kisa a ƙaramin gari, ba a nuna jini ba, mai binciken kuma ba 'yar sanda ba ce. Ma'aunin wannan nau'i shi ne adalci ga mai karatu. A 1929 marubucin Ingila Ronald Knox ya tsara ƙa'idoji goma na rubuta labarin bincike, biyu daga ciki sun isa aiki: dole mai laifin ya kasance cikin waɗanda aka ambata tun farkon labari, kuma duk alamar da mai bincike ya gano sai an nuna wa mai karatu ita. Idan ka kai ƙarshe, koma kan shafukan da ka rubuta. Ka ga inda aka ambaci agogon da ya tsaya, ko laka a takalmin baƙo? To marubucin ya yi gaskiya, ko da ya ɓatar da kai. Idan kuwa sai a babi na ƙarshe aka jawo wani ɗan'uwa da ba a taɓa jin sunansa ba, wannan ha'inci ne, ka faɗa a fili.

A littafin leƙen asiri, bi diddigin wa ya san me, kuma yaushe ya sani. Nan marubuta ke zamewa: jarumi ya yi aiki da sirrin da ba wanda ya gaya masa. Ka kuma bayyana wa mai karatu ko littafin na harbe-harbe da tsere da mota ne, ko na zaman ofis da zargin juna, domin masu son ɗaya ba lallai su so ɗayan ba.

Na tarihi kuwa, zaɓi abu uku ka bincika: abin hawa, kuɗi, abinci. Labarin da aka kafa a Kano kafin Turawa su ci garin a 1903 bai kamata a ji kukan jirgin ƙasa a ciki ba, don layin dogo bai iso ba sai 1911. Haka tumatir ko dankali a tukunyar Bature kafin 1492, shekarar da Columbus ya isa nahiyar Amurka, inda asalinsu yake. Amma kuskure ɗaya ba ya kashe littafi. Wanda ya fi muni shi ne a sa wa mutanen da tunanin mutanen yau.

Wajen rubutawa, kada ka ba da labarin da ya wuce kashi ɗaya cikin huɗu na littafin. Faɗi wurin, zamanin, da matsalar da ta taso, ka tsaya. Ko cewa "ƙarshen zai ba ka mamaki game da likitan" tona asiri ne, domin mai karatu zai sa wa likitan ido tun shafin farko. In dole ka taɓa ƙarshen, sa gargaɗi a sama.

Kalma 200 sun wadatar. Ka ambaci ko littafin na cikin jerin littattafai ne, da ko ana iya farawa daga tsakiya, sannan ka faɗi wanda zai dace da shi: mai neman abin karantawa a mota, ko mai haƙurin bin sunaye ashirin.