Yadda na gyara girgizar BMW Z4 ɗina

Motar ƙirar 2004 ce, mai buɗaɗɗen rufi. Ko ƙaramin rami ta taka sai na ji dukan har cikin ƙuguna, madubin ciki yana karkarwa. Kowa ya ce shokozoba ne, a canza duka huɗu. Na ce a dakata tukuna.

Da iska na fara. Mai faci ya dura wa tayoyin fiye da abin da aka rubuta a takardar jikin ƙofar direba. Na rage da safe, taya na sanyi. Girgizar ta ɗan lafa.

Sai muka ɗaga ta a jak. Shokozoba a bushe, ba alamar yoyon mai. Amma da bakanike ya haska fitila a bayan hagu, sai ga sifirin, naɗaɗɗen ƙarfen nan mai ɗaukar nauyin mota, ya karye a zagayensa na ƙasa, guntun na zaune cikin tsatsa. Wannan ciwo sananne ne a Z4 na wancan zamani, kuma daga tsaye ba a ganinsa. Muka canza sifirin na baya duka biyu, don kada ta karkace.

Sauran taurin daga tayoyin ne. Irin waɗanda ake iya tafiya da su ko sun sace ne, gefensu mai kauri ne, ba ya lanƙwasa. Na sa na gama-gari. Motar ba ta da safaya, don haka yanzu famfo da maganin faci suna cikin but.

Karkarwar madubin ta ragu, amma ba ta ɓace ba. Mota mara rufin ƙarfe dole jikinta ya ɗan murɗa.