Yadda Ake Yi wa Memorin Waya Fomat Idan Ya Ƙi Karɓar Rubutu

Ka goge hoto daga memori, ka kashe waya ka kunna, sai ga hoton ya dawo. Ko wayar ta ce katin ya lalace, ka danna fomat, ta yi ta juyi, ƙarshe ta ce bai yiwu ba. Katin yana barin a karanta abin da ke cikinsa, amma ya ƙi karɓar sabo.

Kafin komai, kwashe kayanka. Muddin katin yana buɗewa, kwafe hotuna da takardu zuwa kwamfuta, domin fomat ba ya barin komai. Idan ka taɓa haɗe katin da ma'ajiyar cikin waya, abin da Android ta kawo tun 6.0, kada ka cire shi tukuna. Wannan wayar kaɗai ke iya karanta shi, ta cikinta za ka kwafa.

Daga nan kashe wayar, zare katin, goge ƙarafan bayansa da busasshen ƙyalle, ka mayar. Shiga Settings, sai Storage, zaɓi katin, danna Format.

In ya ƙi, sai kwamfuta. A nan mutane da yawa ke wahalar banza: ƙaramin katin ba shi da makulli, amma adaftar da ake zura shi ciki tana da ɗan maɓalli a gefe. In ya zame ƙasa, wajen da aka rubuta Lock, babu abin da zai rubutu. Tura shi sama. In ya yi sako-sako, nemi na'urar karanta kati mai bakin USB.

A Windows, buɗe cmd, wato baƙar tagar da ake rubuta wa kwamfuta umarni, da izinin admin (Run as administrator), ka rubuta diskpart, sannan list disk. Tsaya ka duba da kyau, da girmansa za ka gane katinka. In ka zaɓi lambar da ba ita ba, wani faifan za ka share. Idan katin ne na 1, rubuta select disk 1, sai attributes disk clear readonly, sai clean, sai create partition primary. Ƙarasa da SD Card Formatter, manhajar kyauta ta SD Association, ƙungiyar da ke tsara ƙa'idojin irin wannan kati. Manhajar da kanta take zaɓar tsarin ajiyar fayil da ya dace: FAT32 ga kati mai 4GB zuwa 32GB, exFAT kuma ga mai 64GB zuwa sama.

Idan duk da haka tsofaffin fayiloli suna dawowa, to katin ne ya kulle kansa. Ma'ajiyarsa ta gaji da rubutu, sai na'urar da ke sarrafa shi ta hana ƙari don abin da ke ciki ya tsira. Wannan kullin ba ya buɗuwa da manhaja, kada wani ya ci kuɗinka a kai. Sayi sabo, kuma kafin ka zuba masa komai ka gwada shi da H2testw, manhajar kwamfuta mai auna ainihin abin da kati ke ɗauka, domin akwai jabun kati da ke nuna 128GB alhali abin da yake ɗauka bai kai ko kusa ba.